Tambulan Mai Giɓi da Hannun Baban Ummi

Na gode wa Allah da Ya bar mana hannun nan, kuma ina roƙon duk wanda ke da majinyaci a gida ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Sunana Hajara, a Maska nake aure. Abin da zan faɗa ban taɓa faɗinsa a cikin mutane ba. Injin casar masara ne ya yanki mijina a hannu, amma ni ce na ƙona hannun, da ruwan da na dafa da kaina.

Baban Ummi, wanda gari ke kira Ɗanlami mai inji, ya fi shekara goma yana bin gonaki da injinsa, daga nan har wajen Danja. Irin mutanen nan ne da in ƙaya ta soke su sai dai ka ga jini a sawunsu, ba dai ka ji a bakinsu ba. Da can har alfahari nake da wannan hali nasa a gaban ƙawayena. Yanzu na san shi ma ciwo ne mai zaman kansa.

Ranar wata Talata cikin kaka bel ɗin injin ya zame. Ya kai hannun dama zai mayar da shi bai kashe injin ba, abin da ya saba yi kullum. Hannun rigarsa ya maƙale, injin ya ja. A kan mashin aka kai shi asibiti a Funtua, mutum biyu sun sa shi tsakiya, hannun a naɗe cikin buhu. Ko da na isa sun tsayar da jinin, sun kuma ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti.

Makon farko a babban asibitin ba na son tuna shi. Layin kati daban, layin hoton ƙashi daban, layin biyan kuɗi daban, kuma kowane layi sai ka kai gaba a ce maka ba nan ba ne. Kwana uku muka yi kafin a shiga da shi tiyata. Masarar da muka ci burin ajiyewa sai ta yi daraja, rabinta a wannan makon ta tafi, a farashin kaka. Akwai wata nas da ta yi min tsawa a gaban mutane don na zauna a bakin gadonsa, na ƙullace ta sosai. Washegari ita ce ta bi ni har waje ta nuna min kantin da zan samu allurarsa da sauƙi. Har yau ban san ko in yi mata addu'a ko in ci gaba da jin haushinta ba, sai nake haɗa duka biyun.

Da aka fito da shi, likitan ya ce min, "Ƙashi ya karye a wuyan hannu, jijiyoyi sun tsinke, duk mun haɗa. Ƙashin zai warke. Jijiyar ji ce sai a hankali."

Ni "zai warke" kawai na ji. Sauran maganar ta bi ta bayan kunnena, kuma ban tambaya ba.

Daga mako na biyu zuwa na shida muna gida, hannun cikin farin simintin asibiti. 'Yan dubiya kowa da maganinsa. Wannan ya ce a fasa simintin a kai wa maɗori, wancan ya zo da man damo a kwalba, wata ta ce a shafa man shanu da jar kanwa. Duk na tare su a ƙofar ɗaki da fara'a, na karɓa na jibge a bayan gado. Har ina jin kaina wata wayayyiya, wai na tsare mijina daga jahilci.

A mako na bakwai aka cire simintin. Hannun ya fito a rame, yatsun a kumbure, a sandare. Aka ce mu dawo bayan mako biyu ya fara motsa gaɓɓai, don masu jira sun yi yawa. Cikin wannan mako biyun ne Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Malumfashi. Tana ganin hannun ta ce, "Wannan ai sanyi ne ya kwanta a ciki. Hajo, ɗora ruwa. Gashi yake so."

Wannan kam ban yi musu ba. Wace ce a cikinmu ba a gasa ba? Da ruwan zafi aka gasa ni haihuwa uku, da shi ake gasa targaɗe, da shi na ga an gasa ƙafar mahaifina. Ban ɗauke shi a layin man damo ba. Na dafa ruwa, na juye a kwano, na sirka. Na sa yatsana na janye da sauri.

"Inna, anya bai yi zafi da yawa ba?"

"Mai ciwo ne zai faɗa, ba ke ba. Ɗanlami, tsoma."

Ya tsoma hannun har wuyansa. Na zuba masa ido. Ko gezau bai yi ba.

"Baban Ummi, da zafi?"

"Ba zafi," in ji shi.

Inna ta yi murmushi. "Ai ɗan nan ranar kaciyarsa ma bai yi kuka ba. Ƙara masa, ruwan ya fara hucewa."

Na ƙara. Da hannuna na ɗauko butar na ƙara. Na ga gefen hannun, wajen ƙaramin yatsa, yana ɗan karkarwa yana neman fitowa, shi kuwa ya danne, na ce dauriya ce. Da ya ciro hannun, babban yatsa da biyun da ke biye da shi sun yi fari fat. Kafin la'asar sun yi bororo. Da safe fatar ta fara saluɓewa.

A motar da muka shiga zuwa asibiti ne ya faɗa min, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon taga. Tun ranar tiyata yatsun nan uku ba ya jin su. Ya yi shiru ne don kada a ce hannun Ɗanlami ya mutu, masu gona su nemi wani mai injin. Haushinsa nake ji kamar in rufe shi da duka, ga kunyar kaina da ta hana ni ɗaga ido.

Matar da ke koya wa marasa lafiya motsa gaɓɓai, wadda kowa ke kira Sista, ba ta yi mana faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta juya hannun ta duba, ta ce, "Malam, hannun nan yanzu makaho ne. Wuta ba zai sani ba, wuƙa ba zai sani ba. Idonka ne zai riƙa yi masa jagora." Ta ce jijiyar da aka ɗinke tsirowa take daga wuyan hannu zuwa yatsu, kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi a wata. Ta ce in har aka shuka masara ta kai gwiwa bai fara ji a kan yatsun ba, to sai an sake tiyata, a ciro jijiya daga ƙafarsa a dasa, kuma ko an yi ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Ƙunar ta ci mana wata guda cur. Duk bayan kwana uku muna hanyar Funtua wankin ciwo, mu yi sauri mu dawo kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki. A wannan watan ya kamata a ce yana motsa yatsun, sai ga su a naɗe suna ƙara sandarewa. Tunkiyata biyu suka tafi. Inna ta koma Malumfashi ba ta ƙara kwana ba, in ta kira waya sai ta tambayi yara da kaji, ba ta iya tambayar hannun. Ni kuma na kafa doka a gidan: komai mai zafi ba ya zuwa kusa da shi. Kununsa sai na fifita ya huce sarai, tuwonsa sai ya yi sanyi. Haka yake ci yake sha.

Da ƙunar ta warke Sista ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, da wake ya riƙa tsinta yana zubawa a gwangwani. Kwana biyu ya yi ya wurgar da ƙwallon bayan katanga. Ya ce shi ba ɗan yaye ba ne. Sai ya koma zama a gindin bangon tsakar gida, hannun a kan cinya, daga safe har azahar. In ya ji ƙarar injin wani daga nesa sai ya tashi ya shige ɗaki. Wannan zaman ya fi jinin da na gani a buhu tayar min da hankali.

A wata na huɗu abin sayarwa ya ƙare, sai na buɗe kabad ɗin kayan jeren mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Tambulan ne irin na da, masu kauri, masu zoben ruwan zinare a baki, da ƙananan kofunan shayi tsarabar Makka, da kwalaben turare masu murfin gilashi. Na ɗauki hotonsu na ɗora a waya, ban sa rai ba. Sai ga wata Hajiya daga Kaduna, mai yi wa amare kwalliyar wurin biki, ta ce irinsu take nema ruwa a jallo, wai yanzu yayi ake a jera kayan kakanni a wurin kamu. Ta ce in wanke su, za ta aiko a karɓa.

Ina tsugune ina wankewa, yana zaune a gindin bangonsa. Can ya ce, "Haka ake wanke abu? Dubi ƙasan kwalbar nan, duk dauɗa."

"To zo ka wanke, tunda ka fi ni iyawa."

Da gatse na faɗa. Sai na ga ya jawo kujera. Ya sa aka kawo masa yashi mai laushi da lemun tsami, ya zuba a kwalbar, ya toshe bakin, ya girgiza. Haka yake wanke tankin injinsa, in ji shi. Kwalbar ta fito tas. Sai ya ɗauki tambulan da hannun daman. Ya matse shi da yawa bai sani ba, sabulu ya sa ya kuɓuce, ya tarwatse a ƙasa. Na biyu sassautawa ya yi, shi ma ya faɗi. Kayan uwata ne, tun ina yarinya ba a bari mu taɓa su. Na kawo tsintsiya. Na ƙona masa hannu, ya fasa min tambulan biyu. Na miƙa masa na uku.

Na ukun bai faɗi ba. Ya riƙe shi ya ƙura wa yatsunsa ido, gumi na tsattsafo masa a goshi kamar mai ɗaukar buhu. Ƙwallon roba ko ka matse ko ka saki duk ɗaya ne, shi ya sa ya raina shi. Gilashi kuwa ba ya yafiya, dole ka kula.

Da Sista ta ji, da farko cewa ta yi, "Gilashi? A hannun da ba ya ji? Ku dai ba kwa gajiya da ba ni tsoro." Amma da ta ga yadda yatsun suka fara lanƙwasuwa sai ta kafa sharuɗɗa: ruwan sanyi kawai, a shimfiɗa bargo a ƙasa, abin da ya fashe ni zan kwashe, idonsa kuma kada ya bar hannun.

Daga nan abin ya zama sana'a. Shi namiji ba ya shiga gidajen mutane, ni ke shiga. Duk suna ko biki da na je, a Maska ko Danja ko Malumfashi, sai na lallaɓa ɗakin tsohuwar gidan mu gaisa, idona yana kan kabad. Wasu su ce in kwashe, dama jikoki sun kusa ƙarar da su. Wasu su ce robar wanka suke so a madadi. Wata tsohuwa a Danja sai da ta ba ni labarin aurenta tun daga kai kuɗi har buɗar kai kafin ta bari na taɓa jog ɗinta na gilashi, irin na zuba ruwa. Nakan dawo da su cikin kwali, a binne cikin ɓuntun shinkafa. Shi ya wanke, ya goge, ya ɗaga wa rana, ya ƙyasta da farce ya kasa kunne. Ya ce mai lafiya ƙara yake yi mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Abokansa suka sa shi gaba da tsiya, wai mai inji ya koma wanke-wanke. Ya ce musu aƙalla wannan injin ba ya cizo.

Ya daina zaman gindin bango, ya koma cin abinci sosai, yatsun suna riƙe abu. Amma ji shiru. Kowane zuwa sai Sista ta sa ya rufe ido ta taɓa kan yatsun da tsinke, sai ya girgiza kai. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ni da nake murna da damina, wannan shekarar kullum in na wuce gonar maƙwabta sai na auna masarar da ido. Ta kai idon sawu. Ta wuce ƙwauri. Aka ba mu ranar Litinin mu je a yanke maganar tiyata ta biyu.

Ranar Alhamis kafin wannan Litinin ɗin, Hajiyar Kaduna ta biyo da kanta, za ta wuce biki. Kayan tsohuwar Danja ta zo ɗauka: koren jog da tambulan goma sha biyu cif, babu wanda ya ɓata, shi ya sa ta yi musu daraja. Da kuɗinsu muka yi niyyar tafiya asibiti. Inna ma tana nan, ta zo don ta raka mu, tana zaune can gefe tana jan carbi.

Baban Ummi yana naɗe su a takarda ɗaya bayan ɗaya. Ya saba kafin ya naɗe sai ya zagaya bakin kowanne da yatsa, don share ƙura kawai. Yana yi suna hira da Hajiya a kan hanya, idonsa a kanta. A na tara ya tsaya.

"Hajiya, wannan yana da giɓi."

Ta karɓa ta ɗaga wa haske. "Malam, ni ban ga komai ba."

"Akwai. Ya karce ni."

Raina ya ɓaci nan take. A zuciyata na ce mutumin nan zai kashe mana ciniki a kan abin da mai saye ma ba ta gani ba. Har na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya sauka a kan hannun da ke riƙe da takardar. Takardar tana hagu. Da dama ya shafa.

Na ce, "Baban Ummi, gani ka yi ko ji ka yi?"

Ya dubi yatsan, ya dube ni. "Ban sani ba," ya ce.

Mutumin da ya taɓa ce min ba zafi, ba zan sake karɓar maganarsa haka kawai ba. Na ɗauki tambulan ɗin, na laluba da farcena har na samu wurin, ɗan ɓantare ne da bai kai ƙwayar gero ba, a ɓoye cikin zoben zinaren. Na ɗiga masa kwalli a gindi don in gane shi. Na kwance sauran daga takarda, na cakuɗa su a kan bargo. Na cire mayafina na ɗaure masa ido, na ce ya sa hannun hagu a bayansa. Hajiya ta ajiye jakarta ta zauna. Carbin Inna ya tsaya.

Na miƙa na farko. Ya zagaya bakin da yatsa, a hankali, ya ce babu. Na biyu babu. Na uku ya daɗe a kansa, sannan ya ce babu. Mai kwallin shi ne na shida. Da na sa masa shi a hannu na riƙe numfashina don kada ya ji canji. Yatsan ya tafi, ya zo kan wurin, ya wuce. Ya ce, "Babu."

Na karɓa na ajiye. Ban san yadda aka yi hannuna bai sake shi ba. Na miƙa na bakwai, hawaye suna zubo min, ina ƙoƙarin kada su fito a muryata. Ya riƙe na bakwan bai shafa ba.

"Dawo min da na ɗazu," ya ce. "Da sauri na yi."

Na mayar masa. Wannan karon ya bi bakin kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya zo wurin, ya tsaya. Ya koma baya, ya sake zuwa, ya sake tsayawa.

"Ga shi nan. Kamar ƙaya."

Inna ce ta fara fashewa da kuka. Ta taso ta kama hannun, wanda tun ranar gashin nan ba ta ko kalle shi ba, ta riƙe shi tana cewa, "Ka yafe min, ɗan nan. Hajo, ki yafe min." Hajiyar Kaduna ta share idonta da bakin gyale, sannan ta tuna ita 'yar kasuwa ce, ta ce sha ɗaya ba sha biyu ba ne, sai an rage mata. Muka rage. Ban taɓa yin asarar da ta yi min daɗi irin wannan ba.

Ranar Litinin Sista ta gwada shi da tsinkenta, ta kira likita shi ma ya gwada. Suka ce jijiyar ta iso, a ɗage maganar tiyata, a ci gaba da abin da ake yi. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannun bai koma yadda yake ba. Har yanzu maɓallin riga yana ba shi wahala, injin kuma ƙaninsa ke fita da shi. Gilashin ne dai muka riƙe, yanzu har daga Matazu ake kiranmu a ce wata tsohuwa tana da kaya.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. In an yi wa naku aiki a hannu ko ƙafa, kafin ku kawo ruwan gashi ku rufe masa ido ku taɓa wurin ku ga ko yana ji. In yatsanku ya ce ruwa ya yi zafi, to ya yi zafi, ko wa ya ce a ƙara. In likita ya faɗi maganar da ba ku gane ba, ku tsayar da shi ko zai harare ku. Maza kuma, don Allah, ku riƙa faɗin gaskiyar jikinku, ba a ba da lada a kan ɓoye ciwo.

Mai giɓin yana nan, mun ajiye shi, a ciki yake shan kunu. Washegarin dawowarmu daga asibiti na dama kunu, na ɗauko mafici zan fifita kamar yadda na yi wata bakwai, sai na ajiye maficin. Na gwada da nawa yatsan tukuna, na ga ba zai ƙona ba. Na zuba masa a tambulan ɗin, na ajiye a gabansa, na tsaya. Ya kai hannun dama ya kama, sai ya janye da sauri yana yarfe yatsu.

"Hajara," ya ce, "da zafi."